Datti: abin da ya kamata ku sani game da kalmar da kuma yadda take a cikin birnin Kano

Idan uwa a Yakasai ta ga ɗanta ya dawo daga wasa ta ce, "Kai, dubi yadda ka yi datti, maza tuɓe rigar nan," ba zai taɓa zuwa ranta cewa ta yi Turanci ba. Amma kuwa ta yi. Datti baƙuwar kalma ce da ta daɗe a gari har aka manta ranar da ta sauka. Tana da amfani, tana da sauƙin faɗi, sai dai ta cika haɗiye ma'anoni. Abubuwa da dama da Hausa ta ba kowanne sunansa, yanzu duk mukan tattara su mu ce datti, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne, mai alhakin kawar da su ma ba ɗaya ba ne.

Daga ina kalmar ta fito?

Daga kalmar Ingilishi dirty. Turawan Ingila, waɗanda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba sa furta harafin "r" da ke tsakiyar kalmar, don haka abin da kunnen Bahaushe ya ji bai wuce "daati" ba. Bakin Hausa ya gajarta wasalin, ya ninka "t", aka sami datti. Ta hanyar da bokiti da tebur da asibiti da kwalbati suka shigo, ta nan ita ma ta biyo.

Amma Hausa ta sauya mata aiki. A Ingilishi sifa ce, wato kalmar da ake jingina wa abu don a bayyana yadda yake. A Hausa ta koma suna, sunan abin da kansa. Shi ya sa ba za ku ji an ce "riga datti" ba, sai dai "riga mai datti", ko "rigar ta yi datti", ko "akwai datti a wuyanta". Namiji ne kuma a nahawu: datti ya yi yawa, dattin kunne, dattin ciki.

Akwai wata alama da za ku gane baƙuntarta. Ƙazanta tana da dangi: ƙazami, ƙazama, ƙazamai, ya ƙazanta, an ƙazantar. Datti kuwa shi kaɗai yake, ba jam'i, ba aikatau.

To su Malam Datti fa?

Kada ku haɗa su. Datti na suna gajarcewar dattijo ne, dattijo kuwa daga Fulatanci Hausa ta aro shi, yana nufin babban mutum mai kamala. Yaron da aka sa wa sunan kakansa akan kira shi Datti ko Dattijo don a sakaya sunan. Marigayi Dokta Ibrahim Datti Ahmad, sanannen likitan nan na Kano, sunansa daga nan ya fito. Kalmomin biyu rubutu kawai ya haɗa su.

Datti, dauɗa, ƙazanta, ba duk ɗaya ba ne?

A'a, kuma kun san haka a aikace ko da ba ku taɓa zama kun tantance ba.

Dauɗa ita ce tsohuwar kalmar, ita ce a karin magana: dauɗar gora, ciki ka sha ta. Ita ce abin da jiki da amfani suke bari a hankali, gumi da mai da ƙura su haɗu su kama. Ku je wajen masu wankin hula ku gani. Mai wankin ba ya damuwa da tsakiyar hular, bakinta yake juyowa, inda ta zauna a goshi, can ne za ku ga baƙin layi mai maiƙo. Nan yake zuba sabulu ya bi da buroshi, ya ɗauraye, ya sa sitaci, sannan ya kifa ta a kan guntun icen da aka sassaƙa daidai girman kai ya bar ta a rana. Wancan baƙin layin shi ne dauɗa. Idan ta daɗe ta yi kauri har tana ƙyalli, sai a ce ta yi annakiya.

Ƙazanta ta fi nauyi, domin tana ɗauke da ƙyama, tana kuma ɗauke da zargi. Ku ce wa mutum "rigarka ta yi datti", zai gode ya je ya sauya. Ku ce masa "kai ƙazami ne", kun taɓa halinsa da tarbiyyar gidansu. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa datti ya sami karɓuwa: yana ba mutum damar faɗar gaskiya ba tare da ya yi zagi ba. Surukuwa za ta iya ce wa matar ɗanta ɗakin ya yi datti a ci gaba da gaisawa. Ranar da ta ce ƙazanta, magana ta kai zaure.

Shara kuma ita ce abin da tsintsiya ta tara, ita ce kuma aikin sharewar. Juji ko bola shi ne wurin da ake kai ta. Tarkace su ne komatsan da ba a amfani da su ba a kuma yarda an zubar ba. Sannan ga kalmomin da ke zana hoton abin a ido: yaro ya yi buɗu-buɗu da ƙura, makaniki ya yi duƙun-duƙun da baƙin mai, hanya ta yi caɓa-caɓa bayan ruwa, hannu ya yi dumu-dumu da manja. Kowacce tana gaya muku irin abin da ya ɓata, har da irin wankin da zai fitar da shi.

Hargitsi ma datti ne?

Nan ne ake yawan cakuɗa magana. Ɗaki zai iya zama fes, an share an goge, amma kaya a warwatse, tabarma a nan, littafi a can. Wannan hargitsi ne, ko a ce ɗakin ya yi kaca-kaca, ko ya yamutse. Maganinsa kintsawa, ba ruwa ba sabulu. Turawa ma sun raba su, kalmar da suke faɗa wa hargitsi daban take da wadda muka aro.

Ku shiga Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Baƙo zai ga rumfuna sun cushe, hanya ta ƙuntata, kaya har rufi, ya ce wurin a hargitse yake. Mai rumfar kuwa ku tambaye shi linzami ko wani irin turare, ko bai duba ba zai miƙa hannu ya ɗauko. Haka marinar Ƙofar Mata: hannun marini shuɗi ne, ruwan ramin yana da wari, ga kumfa a sama. Amma abin da ke ciki baba ne da toka da ruwa, an auna su da sani. Ba duk abin da ido ya ƙi ne yake cutarwa ba, kamar yadda wani abin mai cutarwa ido ba ya ganinsa sam.

Duk datti najasa ne?

A'a. Najasa hukunci ne na addini, abin da idan ya taɓa jiki ko tufa ko wurin salla sai an gusar da shi: fitsari da bayan gidan mutum, jinin da ya kwarara, mushe. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya san babin tsarki na cikin abin da ake fara karantawa a littattafan Ahlari da Ishmawi.

Rigar manomi da ta sha ƙasa tana da datti, amma zai yi salla da ita. Zanin da jariri ya yi wa fitsari ya bushe, ba tabo ba alama, ba shi da datti a ido amma yana da najasa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Kano, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, muddin dabbar ba najasa take ci ba. Wannan sharaɗin abin lura ne ga masu sakin awakinsu su yini suna kiwo a kan bola.

Sai kuma ku riƙe wani abu game da ruwa. Malamai suna duba launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa kafin su ce ya halatta a yi alwala da shi. Wannan ma'aunin tsarki ne. Ƙwayar cutar kwalara ko ta taifot, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani sai da madubin likita, ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa zai iya zama garau, ya halatta ga alwala, a sha shi kuma a kwanta asibiti.

Da can birni ba shi da datti ne?

Yana da shi. Tsofaffi sukan ba da labari kamar a da ko tsinke ba a gani a lungu, amma matafiyan da suka rubuta abin da suka gani ba haka suka ce ba. Hugh Clapperton da ya zo a 1824, da Heinrich Barth da ya zo a 1851, dukansu sun yi maganar fadamar Jakara da ta ratsa gari da ruwan da ke kwance a cikinta, sun kuma ɗauke ta abin da ke kawo rashin lafiya.

Abin da ya bambanta shi ne irin dattin, da kuma inda yake zuwa. Sharar gidan da toka ce, da kashin awaki da tumaki, da ƙaiƙayi, da ganyen da aka ƙunsa abinci, da fasasshiyar tukunya ko ƙwarya. Kusan dukkansu ƙasa tana cinye su. Manoman karkarar Kano, daga wajajen Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu, sukan shigo da jakuna ɗauke da itace ko hatsi, su koma da mangala cike da takin birni. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan zirga-zirga a shekarun 1960, ya nuna tana cikin abin da ya sa ake noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba tare da sun gaji ba. Jujin gida dukiya ne a lokacin. Ko laka da ta kwanta a gindin ramin rini, wato katsi, ba a zubar da ita: akan ƙona ta a haɗa laso, a shafe rufin soro da bangon ramin don kada ruwa ya ratsa.

Kududdufai ma suna da aikinsu. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ta ganuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen ƙarni na 12. Idan damina ta sauka, ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Suna tara sauro, ba shakka, amma suna hana ruwa shiga ɗaki.

Abu biyu suka rushe wannan tsari. Na farko leda, musamman bayan ruwan leda ya zama ruwan shan kowa daga shekarun 1990, sai robar lemo da famfas ɗin yara suka biyo baya. Ƙasa ba ta cin su, manomi kuma ba ya son takin da sai ya tsince shi da hannu. Na biyu, an bi kududdufai da yawa an cike su da shara, an daddaɓe, an yanka filaye an yi gini a kai. Ruwan sama bai ragu ba, wurin kwanciyarsa ne ya ragu.

Me ya sa kwata ke sake cika bayan an yashe ta?

Ku bi ruwan wanke-wanken gidanku da ido. Daga rariya yake fita zuwa 'yar kwatar lungu, daga nan zuwa babban lambatu na bakin titi, ya bi ta ƙarƙashin kwalbati, yawancinsa ya ƙare a Jakara. Duk tafiyar nan gangara ce kawai take tura shi, ba inji. Leda guda ta maƙale a bakin kwalbati, sai ta tare yashi, yashin ya tare wata ledar, cikin 'yan makonni an yi madatsa. Ruwan ya tsaya, abin da ke ciki ya ruɓe, ya koma baƙar lakar nan mai wari.

Ranar aikin gayya samari sukan fito da shebur da manjagara, su naɗe wando, su kwaso lakar su jera ta tsibi-tsibi a gefen kwata. Dole a bar ta ta tsane, domin da ruwanta ba ta ɗaukuwa. Matsalar tana kwanakin da ke biye. Idan ba a zo an kwashe ba, babura su bi ta kai, kaji su tona, yara su tattaka, ruwan farko da ya sauka ya mayar da ita inda aka ciro ta. An yi rabin aiki, an sha wahalar cikakke.

Tsarin birni ma yana da nasa hannu. Lungunan Mandawari ko Zage ko Madabo an yi su ne don mutum da jaki. Motar shara ba ta shiga, sai baro. Saboda haka kowace shara sai ta yi tafiya biyu: daga gida zuwa matattara a bakin titi, daga matattara zuwa wajen gari. Tafiyar farko ta mutanen unguwa ce, ta biyu ta hukuma. Duk wadda ta tsaya, bola ta cinye rabin titi.

Jakara kuma ba a birni ta tsaya ba. An fara aikin rufe ta da shimfiɗa titi a kanta, wanda ake kira titin Wuju-Wuju, a wa'adi na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, amma rufewa ba ta sauya abin da ke gudana a ciki. Tana fita arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ta zuba a dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A kan hanya masu lambu suna ban ruwa da ita. Latas da alayyahu da kabejin da aka shuka a can, kasuwannin gari ake kawo su. Shi ya sa ganyen da za a ci ɗanye yake bukatar wanki na gaske da ruwa mai kyau, fiye da tsomawa sau ɗaya a roba.

Wa ya fi shan wahala?

Ƙananan yara, domin su ne hannunsu ke ƙasa kuma bakinsu ke karɓar komai. Sai almajirai da yaran da ke tsince-tsince a bola ba takalmi. Sai mata, da jinya ke faɗowa a kansu. Sai masu gidan ƙasa da ke kwari, waɗanda a watan Agusta ruwan kwata ke jiƙa gindin katangarsu har ta zauna.

Cututtukan kashi biyu ne. Akwai na ruwan da ya kwanta, wato zazzaɓin cizon sauro. Akwai na bayan gida da ya sami hanyar komawa baki: kwalara, wadda ake kira amai da gudawa, da taifot, da shan inna. Hanyar kan zama ƙuda, ko hannun da ba a wanke ba, ko rijiyar da ke kusa da masai, ko fasasshen bututun famfo da ya bi ta cikin kwata. A 2021 an sami fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Kwata tana ba da labarin lafiyar unguwa sosai, har ma daga 2011 ma'aikatan lafiya suka fara ɗibar ruwan magudanan Kano suna gwadawa don gano ko ƙwayar shan inna tana yawo a gari.

Aikin wa ne kwashewa?

Tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara da kula da bayin jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Tsohon birni kuwa ya rabu tsakanin Birni da Kewaye, Dala da Gwale. A aikace, manyan motoci da ma'aikatan shara na hukumar jiha ne, REMASAB, wadda aka kafa a 2003. A 2021 gwamnatin jiha ta gwada miƙa aikin ga kamfani mai zaman kansa, abin bai ɗore ba.

Tsofaffi suna tuna duba-gari na zamanin En'e, waɗanda ke shiga gida su leƙa randa su duba masai, su kai mai gida gaban alƙali idan sun ga ba daidai ba. Makarantar koyon tsafta ta Kano tana horar da su tun shekarun 1930, kuma har yau akwai su, da sunan jami'an lafiyar muhalli, ko da yake ba a jin tsoronsu kamar da. Tsaftar ƙarshen wata kuma gadon mulkin soja ne. Gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, kuma a Kano aka buɗe babin tsaftar muhalli na shirin a watan Yulin 1985. Yanzu Asabar ɗin ƙarshen wata ce ta gidaje, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, Juma'ar da ke gabanta kuma ta kasuwanni da tashoshi da ma'aikatu.

Gaskiyar magana, mutane da yawa sun mayar da awa ukun nan lokacin ramuwar barci. Kuma ko kowa ya fito, gidan da ke tara shara kullum ba zai tsarkaka da shara sau ɗaya a wata ba. Cikin gidajen birni galibi a share suke, an yayyafa ruwa, an sa turaren wuta. Inda abin yake lalacewa shi ne daga bakin zaure zuwa titi, wurin da kowa ke bi amma ba wanda ke cewa nasa ne. Idan bolar unguwarku ta kwana biyu ba a ɗauka ba, ƙofar farko ita ce ta mai unguwa, shi ya kai wa dagaci ko kansila. Koken da ya zo da sunan unguwa ya fi na mutum ɗaya saurin samun kunne.

Nawa yake ci?

Akwai kuɗin da kuke gani. Yaro mai baro ba shi da tsayayyen farashi, ciniki ne gwargwadon yawan shara da nisan matattara. Ku tambaye shi inda zai kai ta, domin wanda aka biya kaɗan yakan juye a kwatar farko da ya samu babu mai kallo, sharar ta dawo muku da damina. Akwai kuɗin yasar masai idan ya cika. Akwai tara, idan kotun tafi-da-gidanka ta kama ku kuna yawo ko kun buɗe shago a lokacin tsafta.

Akwai kuma wanda ba a lissafa shi da sunan datti: maganin zazzaɓi sau da yawa a damina ɗaya, ƙarin ruwa ga yaron da gudawa ta zuƙe, kwanakin da mai gida bai fita kasuwa ba yana zaman jinya, buhunan siminti na gyaran katanga. Idan aka haɗa, wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Wani ɓangare na sharar kuma har yanzu kuɗi ne, in dai ba a cakuɗa shi ba. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola suna sayen ƙarfe da alminiyam da tsofaffin robobi da silifa, suna aunawa a sikeli. Masu kunun aya da zoɓo suna neman gorunan ruwa. Toka da kashin dabbobi, idan an tara su a buhu daban ba leda a ciki, masu lambu da manoma suna so, ga tsadar takin zamani. Sauran tuwo da dusa na masu kiwo ne. Abin da ya rage bayan wannan, galibi leda da famfas, shi ne kawai za ku biya a ɗauka.